Kunna manhaja, satar fasaha da sirrin mai kwamfuta: tambayoyin da 'yan'uwa mazauna Legas suke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin mutanenmu a Legas: masu shagon buga takardu a Agege da Idi Araba, 'yan canji, 'yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago da suka fara ajiye lissafi a kwamfuta, ɗalibai, da masu haɗa bidiyon biki da na wa'azi. Yawanci abu ɗaya ne yake tayar da maganar, wato rubutun nan da yake fitowa a ƙasan allo ta hannun dama yana cewa ba a kunna Windows ba. An sa wa tambayoyin lamba don a riƙa komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Malam, wai mene ne kunna manhaja, kuma me ya sa kwamfutar ta hana ni sakat a kansa?

Kunna manhaja, ko aktibeshan kamar yadda masu gyara suke faɗa, mataki ne da kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar ya gindaya don ya tabbatar an biya kuɗin kwafin da ke kan kwamfutarka, kuma ba a ɗora shi a kan na'urori fiye da adadin da lasisi ya yarda ba. A Windows da Office lambar lasisin haruffa da alƙaluma 25 ce, an kasa ta gida biyar. Idan ka shigar da ita, kwamfutarka takan tuntuɓi sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa mai amsa saƙonni, ta intanet, ta miƙa lambar tare da wata shaida da take bambanta na'urarka da ta wani. In lambar ta gaske ce kuma ba a cinye adadinta ba, sai izini ya dawo.

Kafin wannan tsari lambar kawai ake rubutawa, ba a tuntuɓar kowa, shi ya sa faifai ɗaya yake iya zaga layin shaguna guda. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan kafa ga masu saye ɗai-ɗai a 2001, da Office XP da Windows XP. Mai Windows XP kwana 30 aka ba shi, in ya wuce bai kunna ba, ba zai iya shiga ya yi aiki ba. Adobe da Autodesk da Corel da kamfanonin wasannin kwamfuta duk sun bi sahu.

2. Kunnawa da rajista ba abu ɗaya ba ne?

A da kam ba ɗaya ba ne. Kunnawa tana neman lambar lasisi da shaidar na'ura, rajista kuma ita ce ba da suna da imel da adireshi, kuma ganin dama ce. A zamanin XP mutum zai iya buga waya, ya karanta alƙaluma 50 da suka fito a allonsa, a karanto masa wasu ya shigar, shi ke nan, ba wanda ya san sunansa.

Yanzu an cakuɗa su. Microsoft 365 da Creative Cloud na Adobe ba sa kunnuwa sai ka shiga da asusu, Windows 11 ma tun wajen saitin farko yake neman intanet da asusun Microsoft. Wato tambayar ta tashi daga "an biya kuɗin wannan kwafi?" ta koma "wane ne kai?". Mafi yawan damuwar da za ka gani a amsa ta 5 da ta 6 daga nan ta samo asali.

3. Takamaimai wane bayani ne yake fita daga kwamfutata lokacin kunnawa?

Lambar lasisi, nau'in manhajar, harshe da yankin da aka saita, lokacin da aka kunna, adireshin intanet ɗinka wato IP, sai kuma shaidar na'ura. Ita shaidar, ana ɗauko lambobin sassan kwamfuta ne a cuɗa su da lissafi har su zama lamba ɗaya. Windows XP sassa 10 yake dubawa, cikinsu akwai katin hoto, katin sadarwa, faifan ajiya, nau'in firosesa da girman RAM. A 2001 wani kamfanin Jamus mai suna Fully Licensed ya warware tsarin ya wallafa abin da ya gani, kuma bai sami suna ko fayilolin mai kwamfuta a cikin saƙon ba.

Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe ta. Amma a lura da abu guda: shaidar na'ura ba ta san sunanka ba, sai dai ba ta canzawa. Ranar da aka ɗaure ta da asusu mai ɗauke da imel ɗinka da lambar wayarka da katin bankinka, ta tashi daga shaidar ƙarfe ta zama shaidar mutum. Daga nan duk lokacin da kwamfutar ta leƙa sabar, an san wane ne, an san ƙarfe nawa, an kuma san kusan garin da yake.

4. To suna iya ganin takarduna da hotunan iyalina da lissafin kasuwata?

Ta hanyar kunnawa kaɗai, a'a. Amma akwai abubuwa biyu da suke tafiya tare da ita, mutane suna ɗauka duk ɗaya ne. Na farko shi ne rahoton yadda manhaja take aiki da take aika wa kamfani a kai a kai. A 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta gargaɗi Microsoft cewa Windows 10 yana tara bayanai fiye da kima, sai da kamfanin ya yi gyara. A 2018 wani bincike da gwamnatin Holan ta sa aka yi ya nuna Office yana aika nau'o'in bayanai da suka kai 25,000, nan ma aka matsa har aka ƙara wa masu amfani ikon ragewa.

Na biyu shi ne ma'ajiyar intanet. Idan ka shiga Windows da asusu, OneDrive yana iya fara kwashe abin da ke kan fuskar kwamfuta da jakar takardu da ta hotuna zuwa sabar kamfanin. Ba ɓoye yake yi ba, amma da yawa daga cikinmu "na yarda" kawai muke dannawa don mu wuce. Buɗe saitin OneDrive ka duba jakunan da yake kwafa, sannan a saitin sirri na Windows ka kashe aika bayanan da ba na dole ba.

5. In dai lasisi kawai ake dubawa, me ya sa masu kare sirri suke ta ƙorafi?

Saboda an sha kama kamfanoni sun wuce gona da iri da sunan yaƙi da satar fasaha. A 2006 Microsoft ya tura wani ɓangare na shirinsa na tantance kwafin gaskiya da na bogi, Windows Genuine Advantage, cikin sabuntawa masu muhimmanci, sai aka gano yana tuntuɓar sabar kamfanin kullum ba tare da an gaya wa masu kwamfuta ba. Kamfanin ya amsa, ya janye wannan tuntuɓa ta kullum. An kai shi kotu a Amurka bisa zargin leƙen asiri, ƙarar ta mutu a 2010, amma abin da aka gano bai goge ba: mutanen da suka riga suka biya, suka kunna, an ci gaba da bibiyarsu.

Akwai waɗanda suka fi haka muni. A ƙarshen Oktoban 2005 masanin kwamfuta Mark Russinovich ya tona cewa faya-fayan waƙa na Sony BMG suna dasa wata manhaja da take ɓuya can cikin Windows don hana kwafa, kuma masu ƙirƙirar bayiros suka fara fakewa a bayanta. Dole kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa. A Fabrairun 2018 kuma aka gano kamfanin FlightSimLabs, mai sayar da kayan wasan koyon tuƙin jirgin sama, ya saka wani ɗan shiri mai kwashe kalmomin sirri daga burauzar Chrome a cikin manhajarsa. Hujjarsa ita ce ba ya tashi sai a kwamfutar wanda ya shigar da lambar sata. Ko da haka ne, shirin ya sauka a kwamfutar waɗanda suka biya ma.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda ya yi wahalar ƙirƙirar manhaja yana da haƙƙin ya tambaya ko an biya shi. Kwandastan danfo ma yana da haƙƙin ya karɓi kuɗin mota, amma ba shi da haƙƙin ya caje jakarka, ko ya rubuta ƙofar gidan da ka shiga bayan ka sauka. Amsar "an biya ko ba a biya ba" lambar lasisi da shaidar na'ura sun ishe ta. Duk abin da aka ƙara a kai, tun daga tilasta buɗe asusu har zuwa leƙowa kullum, wata buƙata ce ta kamfanin, kuma ya kamata ya nemi izininta daban, da sunanta na gaskiya.

6. Kamfani zai iya gano ni ta wannan hanya, ya biyo ni har shagona?

Bayanan kunnawa suna iya kai wa ga mutum, kuma an taɓa amfani da su. A 2015 Microsoft ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Seattle a kan wani da bai ma san sunansa ba, adireshin IP kawai yake da shi, wanda daga nan aka yi ta kunna ɗimbin kwafin Windows da lambobin da kamfanin ya ce na sata ne. Hanyar ita ce a nemi kotu ta tilasta wa kamfanin sadarwa ya faɗi mai layin. A Najeriya kuwa tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka layi da suna a haɗe suke.

Sai dai irin waɗannan ƙararraki kan masu kunna kwamfutoci da yawa don kasuwanci suke faɗawa, da manyan ma'aikatu da ake bincikar lasisinsu. Mai laftof ɗaya a ɗaki abin da ya fi saurin samunsa shi ne a toshe lambarsa, ko ɓarnar da aka yi bayani a amsa ta 8.

7. Na sayi laftof tokumbo a Computer Village, an ce mini Windows ɗinta na asali ne. Ya zan tabbatar?

Sau da yawa gaskiya ne, don tun daga Windows 8 a 2012 manyan kamfanonin kwamfuta suke dasa lambar lasisi cikin babban allon da ke cikin na'urar, wato madabod. Irin wannan kwamfuta ko an yi mata fomatin, da ta hau intanet za ta kunna kanta, muddin nau'in da aka ɗora shi ne wanda aka saye ta da shi. Matsalar da aka fi samu ita ce kwamfuta ta zo da lasisin Home, a ɗora mata Pro don ya fi daɗin faɗa wa mai saye, sannan a kunna ta da manhajar fasawa, wato shirin da ake karya makullin lasisi da shi. Ka ga an jefar da na halal da ke ciki an kawo na bogi.

Kafin ka biya, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta slmgr /xpr ka danna Enter. In ta ce an kunna ta dindindin, alama ce mai kyau, ko da yake akwai dabarun fasawa da su ma suke nuna haka, shi ya sa rasit da amanar mai shago suke da muhimmanci. In kuwa ta nuna ranar ƙarewa nan da wata shida ko ƙasa da haka, to lasisin ma'aikata ne ko kwaikwayonsa, ba naka ba. Haka nan in wajen saiti ta nemi ka shiga da asusun wani kamfani ko wata makaranta ta ƙasar waje, ajiye ta. Har yanzu tana cikin rajistarsu, suna iya kulle ta ko goge ta daga can.

8. Mai gyara ya ce zai kunna mini Windows da Office kyauta. Tunda kamfanin ma leƙe yake yi, wannan bai fi ba?

Bai fi ba, ɗan'uwa, an gudu ne ba a tsira ba. Manyan ma'aikatu suna da tsarin da ake kira KMS, inda sabar ma'aikatar take kunna kwamfutocinta na kwana 180, ana sabuntawa. Shirye-shiryen fasawa irin su KMSpico kwaikwayon wannan sabar suke yi. Don su yi aiki sai an ba su cikakken iko a kan kwamfutar, kuma kusan kullum sai an kashe antibayiros tukuna, ko a ce masa kada ya ƙara duba wata jaka. Wato ka buɗe wa shirin da ba ka san wanda ya rubuta shi ba ƙofar da ko kamfanin Microsoft ba ka buɗe wa ba. A Disambar 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya ba da rahoton kwafin KMSpico da aka cusa wa CryptBot, wanda yake kwashe kalmomin sirri da bayanan katin banki da aka ajiye a burauza, da asusun kirifto.

Ka tuna abin da ke cikin kwamfutar shagon buga takardu a Agege: takardun NIN na mutane, fasfo, sakamakon jarrabawa, takardun fili, fom ɗin aikin hajji. Kwamfutar ɗan canji kuwa lambobin asusun abokan hulɗa ne da hotunan rasit. Wannan amana ce ta mutane da yawa, ba ta mai shagon kaɗai ba. Kamfani aƙalla yana da adireshi, akwai dokar da za a kama shi da ita, kamar yadda za ka gani a amsa ta 12. Wanda ya cusa ɓarawon shiri a manhajar fasawa ba shi da ofis, ba shi da suna.

Ba ina cewa masu gyara mugaye ba ne. Mafi yawansu abin da suka koya a wajen ubangidansu suke yi, kuma su ma daga intanet suka sauko da shirin ba su san abin da ke cikinsa ba. Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne al'adar kashe sabuntawa "don kada a gane". A Mayun 2017 bayiros ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ya ci.

9. Lambobin nan da ake tallatawa a intanet a kan 'yan dubban naira fa?

Da yawa suna kunnawa a ranar farko, shi ya sa ake ruɗuwa. Asalinsu yawanci lambobin ma'aikatu ne da aka sayar wa mutane barkatai, ko na makarantu, ko na masu gwajin manhaja, ko waɗanda aka saya da katin sata. Ranar da aka gano, sai a toshe lambar ga duk wanda ya saya. Masu tallar sukan kafa hujja da hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Hukuncin na Turai ne, kuma sharaɗinsa mai lasisin na farko ya daina amfani da nasa kwafin.

Wanda ya fi haɗari shi ne "Office na har abada" da ake ba ka imel da kalmar sirri maimakon lamba. An saka ka ne a ƙarƙashin asusun wata ma'aikata ko makaranta da wani yake riƙe da ragamarta. Wannan mutum zai iya canza kalmar sirrinka, ya buɗe duk abin da ka ajiye a OneDrive ɗin, ko ya rufe asusun da takardunka a ciki.

10. Na biya kuɗina halal, amma bayan an gyara kwamfutar sai ta ce ba a kunna ba. Me ya faru?

Wataƙila an canza babban allon ne, wato madabod, kuma a wurin sabar kwamfutar ta zama wata daban, kamar yadda amsa ta 3 ta nuna. Ƙara RAM ko canza faifan ajiya ba ya kawo haka a Windows 10 da 11. In lasisin daban ka saye shi, kana da damar mayar da shi kan sabon madabod ko sabuwar kwamfuta. In kuwa tare da kwamfutar ya zo, a ɗaure yake da ita. Hanya mafi sauƙi ta dawo da lasisi ita ce a ce tun farko ka haɗa shi da asusun Microsoft, wato sauƙin ma sai ka saye shi da bayananka.

Wani lokacin laifin daga can ne. A Agustan 2007 sabar tantancewa ta Microsoft ta samu matsala, ta lissafa dubban kwafi na gaskiya a matsayin na bogi har aka gyara. Don haka riƙe rasit da hoton lambarka a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.

11. In na tafi gida arewa na daɗe ba intanet, ko biyan wata ya gagara, manhajar za ta tsaya? Kuma kamfani zai iya kashe abin da na biya?

Ya danganta da irin lasisin. Wanda aka saya sau ɗaya ya fi haƙurin rashin intanet. Microsoft 365 kuwa yana so ya leƙa sabar aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in bai samu ba, daga baya sai ya koma yanayin da za ka iya buɗe takarda ka buga ta amma ba za ka iya gyara ta ba. Adobe tun Mayun 2013 ya sanar da komawa tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara.

Kashewa daga nesa kuma ba tatsuniya ba ce. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da zai rufe asusun duk masu amfani da manhajojinsa a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai da ya samu izini na musamman sannan ya fasa. Masu zane a can ba su saci komai ba, siyasar da ba su da hannu a ciki ce ta kusa raba su da sana'arsu. Mu ma mun ɗanɗana wani abu makamancin haka: a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sannan dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mutum yana son biya, hanya ta toshe. Hatta tsufan sabar matsala ce: a ƙarshen 2012 Adobe ya kashe sabar kunna CS2, sai da ya fitar wa waɗanda suka saya wani kwafi da ba ya buƙatar kunnawa.

Saboda haka duk aikin da ka gama, ka fitar da kwafinsa a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kamar PDF ga zane da takardu, ko CSV ga lissafi, ka ajiye a faifan waje.

12. Me dokar Najeriya ta ce?

Dokoki biyu ne, ɗaya tana kare kamfani, ɗaya tana kare ka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, ta kuma haramta karya makullin fasaha da aka sa wa aiki da kasuwancin kayan karya shi. Hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ce take aiwatar da ita.

Dokar kare bayanai kuma shugaba Tinubu ya sa mata hannu a Yunin 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ta ba ka haƙƙin sanin abin da aka tara a kanka da dalilin tarawa, da neman kwafi, da gyara, da gogewa, da janye izini, da kai ƙara wurin hukumar. Ta shafi kamfanin waje muddin yana sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma an ga hukumomin ƙasar nan sun taɓa babban kamfani: a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya. Kada mai shago ya manta, shi ma da yake riƙe takardun mutane dokar ta hau kansa.

13. A addinance fa, Malam, amfani da manhajar da aka fasa ya halatta?

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, ba ya halatta a keta ta. Akwai malaman da suka sassauta kan kwafin da mutum ya yi don karatun kansa ba don ciniki ba, amma wanda yake cin abinci da manhajar, ko yake fasawa ana biyansa, lamarinsa ya fi nauyi. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faya-fayan finafinan Hausa mun san ba magana ce ta Turawa kaɗai ba. Addinin da ya hana cin dukiyar wani kuma shi ne ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, don haka shi ma kamfanin akwai iyakar da bai kamata ya tsallake ba.

14. Duk wannan takura, ta hana satar kuwa?

Ta rage kwafar faifai tsakanin maƙwabta, amma ba ta kashe kasuwar ba. Ƙungiyar BSA ta kamfanonin manhaja ta ƙiyasta cewa a 2017 kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Najeriya ba su da lasisi, alhali na duniya kashi 37 ne. Ƙiyasin masu kayan ne, amma duk wanda ya taɓa zaga layin Otigba a Computer Village ba zai yi mamakinsa ba. Abin da yake damuna shi ne nauyin tsarin kan mai gaskiya yake sauka: shi ake nema da asusu, shi ake toshewa in ya canza madabod. Farashin da aka yanka da dala ga mai samun naira shi ne babban abin da yake tura mutane wajen masu fasawa.

15. Ba ni da kuɗin lasisi, kuma ba na son na sata. Ina mafita?

Fara da duba ko kwamfutarka tana da lasisinta a ciki, kamar yadda amsa ta 7 ta nuna, don da yawa suna da shi ba su sani ba. Ɗalibi ya tambayi sashen kwamfuta na makarantarsa ko suna da yarjejeniyar da take ba ɗalibai Office. Bayan haka akwai manhajojin da kyauta ne tun asali, ba lamba, ba asusu, ba sabar da za a nemi izininta: LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP don hoto, Inkscape don zane, Scribus don tsara littafi, Kdenlive don bidiyo. Su ma daga shafinsu na asali za ka sauko da su.

Wanda tsohuwar kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar Windows 11 ya sani cewa tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake ɗorawa a madadin Windows, suna tafiya lafiya a irin waɗannan na'urori. Akwai wahalar sabo, kuma wanda yake kai aiki ɗab'i Shomolu zai tarar CorelDRAW ake tambaya. Ka yi magana da mai injin tun kafin ka fara, da yawa suna karɓar PDF in an tsara shi daidai. In kuma sana'arka ba ta yiwuwa sai da wata manhaja ta kuɗi, sa kuɗinta cikin lissafin jari kamar yadda kake sa na janareta da tawada.

16. Ni mace ce, ina sayar da atamfa da leshi ta intanet. Wanda ya saita mini laftof shi ya buɗe asusun da imel ɗinsa. Akwai matsala?

Akwai, Hajiya, kuma gara a gyara yau. Lasisin Windows da na Office suna iya kasancewa a ɗaure da asusunsa, ba naki ba. In OneDrive yana kwafa, kamar yadda amsa ta 4 ta yi bayani, hotunanki da lambobin kwastomominki suna sauka inda shi ma zai iya buɗewa daga wayarsa. Sannan sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifan ajiya da kansu, su ajiye lambar buɗewa a asusun da aka shiga da shi. Ranar da kwamfutar ta nemi wannan lamba, sai kin nemo shi kafin ki ga kayanki.

Ki fara kwafe fayilolinki zuwa faifan waje. Ki buɗe asusu da imel ɗinki da lambar wayarki, ki kunna tantancewa mai mataki biyu, ki mayar da kwamfutar kan sabon asusun, sannan a fitar da nasa a gabanki, a kuma goge abin da ya riga ya hau OneDrive ɗinsa. Ki canza kalmomin sirrin banki da na Instagram da na imel daga wayarki, ba daga laftof ɗin ba. In kuma an taɓa kunna ta da manhajar fasawa, goge shirin kawai ba ya wadatarwa, sai an yi fomatin an ɗora Windows daga shafin Microsoft. Nan gaba in za ki kai ta gyara, ki buɗe wa mai gyaran wani asusu na daban a kwamfutar, kalmar sirrinki kuma ke za ki shigar da hannunki.